Haƙoran Roba da Ɗakin Zaure

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, kuna tsammanin ba ta iso kunnena ba. Wai shekarar da babanku ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure faɗa muka yi, na gaya masa baƙar magana, shi kuma ya yi zuciya. Har jikoki sun ji, su ne ma suka kawo mini ita ranar sallah, suna tambayata me na yi wa Alhaji. Na yi dariya na sallame su, amma abin ya tsaya mini a rai. Mutumin nan yana kabarinsa, ba shi da bakin kare kansa, ni kuma ba yarinya ba ce da zan ce sai wata rana. Don haka wannan babin na haƙorana ne. Wanda zai ji ƙyanƙyami ya tsallake, amma daga yau kada ya ƙara sa baki a abin da bai sani ba.

Kun san a unguwar Jekadafari na tashi, a hannun Goggo Dija, ƙanwar mahaifina. Gidan Fulani ne irin na da, ko da yake shanun sun daɗe da komawa hannun 'yan uwa na daji, mu muna cikin gari. Abin da bai bar gidan ba shi ne kunya, wadda muke kira fulako. A gidan nan ba a cewa ana jin yunwa, ba a kuka don ciwo, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kuma ba ta tauna abinci a gaban miji ko suruki. Goggo ba ta taɓa zaunar da ni ta koya mini ba. Ido kawai take ɗagowa, sai ka ji lomar ta tsaya maka a wuya. Ku da kuke cin taliya kwano ɗaya da mazajenku a gaban talabijin za ku ce wahala ce. Mu ba mu ɗauke ta wahala ba, ado ce a wurinmu, da ita ake gane 'yar gidan mutunci.

Kuma ina da haƙora a lokacin, kada ku duba yanzu. Farare ne jere reras, ga wushirya a tsakiya. 'Yan matan zamaninmu suna goga fure da goro su rina haƙoransu su yi jawur, ni kuwa Goggo ta hana, sai asuwaki safe da yamma. Babanku Bakatsine ne, fatauci ya kawo iyayensa unguwar Tudun Wada, shi kuma ya zama direban babbar mota. A bikin wata ƙawata ya fara ganina ina dariya, kuma har ya tsufa yana cewa shi haƙora ya biya wa sadaki, sauran gyara aka yi masa. Bakinsa ba ya hutawa, mutumin nan. Kullum cikin tsokanata yake, 'yar Fillo kaza, 'yar Fillo kaza, wai aljana ya aura tunda bai taɓa ganin na ci abinci ba amma ga ni ina ƙiba. Ni kuma sai in ce da Bahaushe ai ba a gasar ci, in bar masa wurin ina murmushi.

Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne aikinsa. Zai yi lodin wake ko auduga ya nufi kudu, sai a yi makonni ba a gan shi ba, in ya dawo kuma 'yan kwanaki ne ya sake juyawa. Ni ina koyarwa a firamare, ni ce ma mai bin layi da safe ina duba faratan yara da haƙoransu, wanda na samu da datti ya sha rankwashi. Idan na ji ƙarar motarsa a bakin layi na riga na yi wanka na yi kwalliya na turara ɗaki. Haka muka yi shekaru masu yawa, yana zuwa mini kamar baƙo, ni kuma ina tarbarsa kamar baƙo, kuma babu wanda ya ƙosa da wani. Har gobe ina kewar ƙarar motar nan da yadda kuke rugawa waje ba takalmi.

Da girma ya zo sai ciwon suga ya biyo shi, haƙoran ƙasa suka fara girgiɗa ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta dabara, na yi ta shiru, har ranar da aka cire ragowar gaba ɗaya aka yi mini na roba. Duk wannan babanku yana hanya aka yi, kafin ya dawo na saka abina. Ya san na roba ne, ba wai an ɓoye masa ba, amma bai taɓa ganin bakina babu su ba. Sai dai na roban farko ba su da kirki ko kaɗan, yawo suke yi a baki, ba a tauna nama, ba a dariya da gaske. Wata rana a wurin suna a maƙwabta, wata ta yi abin dariya na saki jiki, sai ga haƙorana a kan tabarma a tsakiyar mata. Wata baiwar Allah ta yi sauri ta jefa mayafinta a kai, amma da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Daga nan na daina zuwa taro, na koma kunu da fura, na rame har wuyana ya fito.

Yayanku, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, shi ya zo daga gidansa na GRA ya ce ba zai zuba ido ba. Ya kai ni wani asibitin haƙori mai zaman kansa, wurin wata likita Batangala, Dakta Rifkatu, yarinya ce sa'ar 'yar'uwarku Hauwa'u amma hannunta da sanyi. Ta ce za a dasa mini ƙarfe biyu a cikin ƙashin muƙamuƙi, in sun kama sai a riƙa maƙala haƙoran a kansu, a cire a mayar yadda ake so. Na ce ashe turaku za a kafa mini, kamar na ɗaure maruƙa. Ta yi dariya, daga ranar ita ma turaku take ce musu. Ta ɗauko samfuri ta jera a gabana. Akwai mai maɓalli, kowane turke da ɗan kansa, a danna ya ce ƙas kamar maɓallin rigar jariri. Akwai mai maganaɗisu. Akwai kuma mai gada, wato siririn ƙarfe da ake shimfiɗawa daga wannan turke zuwa wancan, haƙoran su cafke shi. Ban tambaye ta komai ba sai abu ɗaya, wanne ne ba ya faɗowa.

"Mai gada ya fi riƙo, Mama," in ji ta. "Amma ƙarƙashinsa yana tara datti, kuma kina da suga. Sai kin riƙa cirewa bayan kowane abinci kina bin ƙasan gadar da ƙaramin buroshi, da dare kuma ki kwana babu su. Da ni ce, mai maɓalli zan zaɓar miki."

Na ce mai gada nake so. Tabarmar gidan suna ce a idona, ban ji rabin abin da ta faɗa ba. Aka yi aikin, na yi jinyata a gidan Hauwa'u, bayan wasu watanni turakun suka kama aka ɗora gada aka maƙala haƙora. Ranar da na dawo gida na aika aka sayo mini balangu, na shige ɗaki na rufe ƙofa na ci na ci har na ji kunyar kaina. Na koma zuwa biki da suna, na koma dariya da baki buɗe. Kumatuna suka ciko, har mata suna tambayata ko maganin ƙiba nake sha.

To a daidai wannan lokacin ne gwiwoyin babanku suka ce sun gaji. Bai daɗe da barin doguwar tafiya ba, ya koma wuni a tasha yana kula da lodi, yanzu kuwa tashar ma ta gagare shi. Ya dawo gida ɗungurungum. Mutumin da na saba gani kamar watan sallah, sai ga shi safe, rana, dare, yana kishingiɗe a tabarma a ƙofar ɗakina da rediyonsa, yana ba ni labarin hanyoyin da ya bi da gadojin da suka karye a gabansa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin zaman nan ƙwarai, a lokacin ne na san ina da miji ba baƙo ba. Abinci ba matsala, a madafa nake cin nawa kamar kullum. Amma haƙoran fa? Gidanmu kun san shi, ɗaki ɗaya muke kwana, tsakar gida tafin hannu, inda duk na juya idonsa na wurin. Kuma na taɓa kallon kaina a madubi babu su. Leɓen ƙasa ya faɗa ciki, haɓa ta tashi tana neman hanci, ga ƙarfe yana ƙyalli a dasashi. Na ce wannan fuskar ba za ta haɗu da idon mutumin nan ba, ko da me zai faru.

Sai na koma abin da na sani. Na riƙa goge su da asuwaki suna bakina, safe da yamma, har suna ɗaukar ido. In na shiga banɗaki na kan cire su a gurguje in ɗauraye in mayar, amma bin ƙasan gada da ɗan buroshin nan yana son zama da madubi da haske, ni kuwa kamar ɓarauniya nake yi. Da su nake kwana, da su nake tashi. A raina na ce ai tsafta ce, ni da na koyar da ita shekara da shekaru ba za a gaya mini ba. Da farko ɗan jini na fara gani. Sai dasashin ya kumbura ya yi ja ya taso yana neman rufe gadar. Sai wari. Na kama tauna kanumfari kamar mai sana'arsa, ina kurkure baki da ruwan gishiri, in zan yi magana da babanku sai in karkatar da kai. Da na danna gefen turken hagu na ga mugunya, a ranar ban iya cin komai ba, na ce wa Hauwa'u ta raka ni asibiti.

Dakta Rifkatu ta cire haƙoran, ta kwance gadar. Ta ɗauko wasu 'yan siraran takardu kamar tsinken sakace, ta zura su tsakanin dasashi da kowane turke ta zare, ta rufe a 'yar kwalba ta ce za a kai ɗakin gwaji. Ta ɗauki hoton ƙashin. Da muka koma ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta, mai haƙori da mara haƙori, kuma yawancinsu zaman lafiya ake yi da su. Amma akwai irin da ba sa son iska, su lungu suke nema mai ɗumi da danshi su yi kauri a jikin ƙarfe, kuma irinsu aka samu sun yi yawa a nawa. Ƙarƙashin gada, a rufe da roba dare da rana, ga suga, ta ce ai gida na gina musu har da katanga. Daga dasashi suke farawa su gangara su ci ƙashin da ya riƙe turken. Ta nuna mini hoton, na hagu ƙashin ya fara zaizayewa, kuma ta ce wanda ya tafi da wuya ya dawo. Na ce mata ni fa kullum sai na yi asuwaki.

"Mama, ke Bafulatana ce," ta ce. "Ƙwaryar nono, in aka goge bayanta kullum aka bar cikinta, za ki zuba madara a ciki?"

Nan ta gama da ni. Ta wanke wurin, ta ba ni magani da ruwan kurkura, ta mayar da gadar, na yi mata alkawarin da na san ba zan cika ba. Ciwon ya lafa ya sake dawowa. A zuwa na gaba ta ce Hauwa'u ta jira a waje, ta ja kujera kusa da ni ta tambaye ni tsakani da Allah ko ina cirewa in kwana. Na sunkuyar da kai na ce Alhaji yana gida. Ba ta gane ba da farko, har ta fara cewa to ai sai ya taimaka mini, sai ta dubi fuskata ta fahimta. Ta ce in bar ta ta yi masa magana, na ce in ta yi ba za ta sake ganin ƙafata ba. Ta gaya mini ƙarara cewa in aka ci gaba a haka turken hagu zai fita, na dama ya bi shi, kuma da irin ƙashina da sugana ba ta ga yadda za a sake dasa wasu ba. In koma kunu ke nan har ƙarshen rayuwata. Na fito ina jin maganar, amma ko a hanya ban canza ra'ayi ba.

Allah da ikonsa, ranar komawata ta gaba Hauwa'u ba ta da lafiya, yayanku ya yi tafiya, sai babanku ya ɗauki sandarsa ya ce shi zai raka ni. Muka hau Keke mai ƙafa uku, da muka isa asibiti ya zauna a benci a waje. Ana gama duba ni na mayar da haƙorana, sai na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Ya ce shi direba ne, in mota ta yi ta komawa gareji a kan abu ɗaya to akwai abin da ba a faɗa ba, likita ta gaya masa me ya hana bakin nan warkewa. Dakta Rifkatu ta dube ni, na kafe ta da ido irin na Goggo Dija, amma yarinyar nan ba a gidanmu ta tashi ba. Ta ce masa dole a riƙa cirewa bayan abinci a wanke a natse, dole a kwana babu su, kuma ba a yi. Ba ta faɗi dalili ba, wannan kam ta rufa mini asiri. Babanku bai dube ni ba.

"To," ya ce. "Allah ya saka da alheri, likita."

Har muka iso gida hirar tsadar mai yake yi da mai Keke. Washegari da hantsi na ga ya sa an share ɗakin zaure, wanda da can yaran motarsa suke kwana a ciki, an kai katifa da rediyo da buta. Ya ce mini wai tarinsa yana hana ni barci, kuma can ya fi kusa da masallaci. Mutumin da ba ya tari. Daga ranar kuma, da ya gama cin abinci sai ya jawo sanda ya ce bari ya leƙa majalisa, ya fita yana ɗingishi, ba ya dawowa sai ya tabbatar na gama abin da zan yi, kuma sai ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya da doguwar sallama kamar baƙon da bai san gidan ba. Bai taɓa ce mini ga dalili ba, ni ma ban taɓa ce masa na gane ba. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka cire mini haƙora.

Bakin kuwa ya fara warkewa. Na samu fili na zauna da madubi a bakin taga ina bin gadar a hankali, ko da yake idona da yatsuna ba sa kai wa can ciki. Ganin haka Dakta Rifkatu ta ce a haƙura da gada, ta cire ta ta sa wa kowane turke maɓallinsa, aka gyara haƙoran. Yanzu kowanne a tsaye yake shi kaɗai, buroshi yana zagaye shi ta ko'ina. Riƙon bai kai na da ba, yana ɗan motsi in na ciji abu mai tauri, amma bai taɓa kunyata ni ba. Da ta sake zura 'yan takardunta aka gwada, ta ce miyagun sun ragu sosai, kuma ƙashin hagu ya tsaya inda yake. Ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi, ba ta san abin da nake yi ya kori mijina daga ɗaki ba.

A nan ne kuka shigo da naku. Yayanku ya zo ya ga ubansa a ɗakin yaran mota, ya shigo yana huci, wai Dada, yadda kuke kirana, me ke faruwa a gidan nan. Na ce ya tambayi babansa. Ya tambaya, aka ce masa tari. Hauwa'u ta zo ta tsare ni da nasiha, wai a yi haƙuri da juna an girma, ita da na yi wa wankan jego. Kuka yi ta waya a tsakaninku kuna raba laifi, wasu na bayana wasu na bayansa. To me za mu ce muku? In ce ubanku ya bar mini ɗaki don in cire haƙora? Shi kuma ya ce uwarku tana jin kunyata bayan ta haifa mini ku duka? Bakin da zai faɗi wannan ba mu da shi, mu biyun. Muka bar ku da zatonku, muka ci gaba da gaisawa da safe kamar maƙwabta, yana tsokanata daga bakin zaure ina mayar masa daga madafa.

Haka muka ci rani, damina ta shigo. Ɗakin zauren nan ƙasa yake, ruwan layi yana tsattsafowa ta bango, katifar har ta fara warin danshi. Na yi magana a gyara, ya ce lafiya lau yake. Wata safiya na kai masa koko na same shi zaune a bakin katifa, gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum, ya dafa bango yana son miƙewa ya kasa. A zaune ya yi sallar asuba, mutumin da ke rigan ladan zuwa masallaci. Da ya gan ni sai ya saki bangon ya kama gyaran hula, wai yana tunanin wani abu ne. Na ajiye kokon na fito. Ranar na rasa abin da ke mini daɗi. Na tuna Goggo Dija, na tambayi kaina ko ita za ta ce wannan ma fulako ne, tsoho yana ruɓewa a danshi don kada ya ga bakin matarsa. Ban san amsarta ba, ta daɗe da rasuwa, amma na san tawa.

Da azahar ya lallaɓo ya shigo tsakar gida ya ci tuwonsa a inuwa. Ya wanke hannu, ya jawo sanda zai yi ta majalisa kamar kullum, ga hadari ya haɗo. Na ce ya dakata. Na shiga ɗaki na ɗauko kwano da ruwa da buroshi da madubi, na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna a gabansa. Na sa yatsa na ɓalle su, ƙas, na ajiye a kwano. Shi kuwa tuni ya juyar da kai yana murɗa rediyon da ba a kunna ba.

"Alhaji, dube ni," na ce, maganar tana fita a tauye.

Ya juyo a hankali. Ya dube ni sosai, ba kallon tausayi ba, ba na mamaki ba, irin kallon da yake yi mini in ya dawo daga tafiya yana duba ko na rame. Na jira tsokana, don na san bakinsa, amma ba ta zo ba. Sai ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau ya saka, ya ce in buɗe ya ga turakun da ake ta magana. Na buɗe. Ya leƙa wannan ya leƙa wancan, ya gyaɗa kai ya ce aikin ya yi kyau, wanda ya ɗaura su ya san hannunsa. Daga nan ya jawo kwanon gabansa.

"Ke ki ji da na bakin," ya ce. "Wannan ki bar mini. Ni da na wanke mota mai taya goma, wannan ɗan abin ne zai gagare ni?"

Ya ɗauki buroshi ya kama wankewa, yana juya su yana bin ramukan maɓallan ɗaya-ɗaya, yana ɗagawa sama yana dubawa a haske. Ni kuma na riƙe madubi ina zagaye turakuna, hawaye yana hana ni gani. Ruwa ya sauko muka ja kayanmu muka shige ɗaki, kafin la'asar na sa an kwaso katifarsa an jingine ta ta sha iska.

Daga ranar aikinsa ne. Bayan kowane abinci zai miƙo hannu, in ɓalle in ba shi, ya wanke ya ɗauraye ya miƙo mini, wani lokaci har da ƙorafin wai na ci kuɓewa na ba shi aiki. Ko da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, sai an tallafe shi ya zauna an ɗora masa kwanon a cinya. Damina biyu muka ƙara tare a ɗakin nan, kuma ina jin zafin watannin da ya yi a zaure har yanzu, don da na san abin da ya rage mana ke nan da ban bar ko kwana ɗaya ya tafi a banza ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu ni nake wankewa. Dakta Rifkatu ta duba ni kwanan baya, ta ce turakun biyu suna nan daram, bakin kuma tsaf. Na yi mata godiya ban musa ba, amma ni da nake saka su na san ba sa fita yadda yake fitar da su.